Daga mazari zuwa keken ɗinki: yadda matan Potiskum suka riƙe gidaje da allura

A shekarar 1924 ne Sarkin Fika, Moi Muhammadu Ibn Idrissa, ya tashi da fadarsa daga tsohon garin Fika ya komo Potiskum. Ba a kufai ya sauka ba, domin ƙasa ce ta Ngizimawa da Karekare, mai sarautarta da tarihinta tun kafin zuwan Turawa. Sai dai daga wannan ƙaura ne garin ya ɗauki sabuwar kama, ya zama hedikwatar mulki, ya zama zangon baƙi. Jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta cikinsa ba: layin dogo ya isa Nguru a 1930, wanda aka ja zuwa Maiduguri kuma ya bi ta Gombe da Buni Yadi ya isa a 1964. Abin da dogo ya hana shi, titi ya ba shi. Hanyar Kano ta Azare, da ta Jos da Bauchi, da ta Gashuwa, da ta Damaturu zuwa Maiduguri, duk a nan suka haɗu, garin ya zama na manyan motoci, da kasuwar hatsi, da kasuwar shanu ta ranar Laraba wadda sunanta ya kai har ƙetaren Najeriya.

Duk garin da ya cika da baƙi haka, labarinsa na maza ake bayarwa: fatake, direbobi, dillalan shanu, ma'aikatan En'e. Amma kowane ɗayansu da riga a jikinsa da hula a kansa, matarsa na son zanen Sallah, 'yarsa kuma wata rana za a haɗa mata kayan ɗaki. A unguwanni irin su Dogo Nini, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Potiskum, akwai gidaje da yawa da aka ci, aka sha, aka yi karatu, aka aurar, da kuɗin da ya fito daga allurar wata mace wadda ba ta taɓa buɗe shago ba. Sana'arta ba ta da allo a ƙofa, ba ta shiga takardar haraji ba, kuma har yau da kyar take shiga lissafin masu tsara tattalin arziki a Abuja.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, ɗinki ba sana'ar mata ba ce a asali. A ƙasar Hausa da Borno ta dā, namiji ne maɗinki. Shi ke haɗa ƙwaryar riga, shi ke yi mata aiki a wuya da aljihu, kuma da yawa daga masu wannan aiki almajirai ne da malamai, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da zayyana a kan allo. Rabon mace yana can farkon hanya. Ita ke gurzar auduga a kan dutse ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi har zare ya taru, a kai wa masaƙa ko a sayar a kasuwa. Wasu kuma suna saƙa gwado a faffaɗan masaƙarsu ta cikin gida. Labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a ƙasar Zazzau wajen 1877 ta rasu a 1951, kuma Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna irin wannan zamani sarai: zamanin hari da kamun bayi, da mace ke girma da kaɗi a hannunta tun tana yarinya, tana tara abin kanta kaɗan-kaɗan. Kakannin Baba ma Barebari ne da suka fito daga Borno, wato daga wannan gefe na gabas. Macen da ta sauka Potiskum tare da mijinta a shekarun farko na bunƙasar garin, irin wannan sana'a ta zo da ita cikin kayanta.

Yadin kanti ne ya kashe mata kasuwa. Akoko da alawayyo da atamfa suka riƙa shigowa daga Ingila ta hannun kamfanonin Turawa, zaren inji ya fi na hannu araha da santsi, audugar ƙasa kuma ta koma hajar da ake aunawa a fitar. Da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano, sai mazari ya zama kayan tsofaffi. Wannan asara ce babba da ba a cika ambata ba, domin ta raba dubban mata da wata hanyar samun kuɗi da za su iya yi suna zaune a ɗakunansu. Ba su zauna sun naɗe hannu ba. Suka ajiye mazari suka ɗauki allura, suka shiga gonar da a dā ta maza ce.

Hula ce ƙofar farko. Ba ta son jari mai yawa, ba ta son wuri, ana iya ajiye ta a duba tukunya a dawo. Mai zane ne ke fara fitar da fasalin a jikin farin yadi, sannan mai ɗinki ta bi zanen da allura da zare mai launi, huda bayan huda, har farin ya ɓace ƙarƙashin aiki. Jikin hular daban ake yi, kanta daban, daga baya a haɗa, a kai wa mai wanki ya wanke, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan katako ya buge ta har ta tsaya. Hula mai sauƙin aiki kan ci kwanaki. Mai cikakken aiki, irin wadda ba a ganin yadinta, kan ci makonni, wani lokaci fiye da wata, musamman ga macen da goyo da girki ke katse mata zama. Potiskum na cikin tsohon Lardin Borno, kuma ƙasar Borno ce uwar wannan ado. Sunan hular Zanna Bukar ana danganta shi da Zanna Bukar Dipcharima, minista a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, 'yar Bama kuma sunan garinta ta ɗauka. Masu nazarin suturar Turai kan yi maganar matan da suka shahara da ɗinka wa mata 'yan'uwansu huluna. A nan abin ya juya: mace ce ke ɗinka abin da namiji zai ɗora a kai ya shiga majalisa, ita kuwa nata adon kan, kallabi ne ko ɗankwali, ba ya bukatar komai sai kalmasa baki da iya ɗauri.

Sai keken ɗinki. Shi ma da farko a hannun maza ya sauka, teloli a rumfunan kasuwa da zaurukan gidaje, da Singer mai juyawa da hannu, daga baya mai takawa da ƙafa, kafin Butterfly ta ƙasar Sin ta zo da araha ta cika gari. Abin da ya shigar da shi cikin gida sauyin suturar mata ne. Matar dā ɗaurin ƙirji take yi ta yafa mayafi, zane kuwa ba ya son tela sai dai a haɗa shi a kalmasa. Da riga ta zama dole ga mace, aka fara yanka atamfa ana fitar da wuya da hannu, sai wata matsala ta taso: matar kulle ba za ta je rumfar tela ya auna ta ba. Dabarar da aka samo ita ce a naɗe tsohuwar riga a cikin sabon yadi a ba yaro ya kai, tela ya auna a jikinta. Wanda ya taɓa karɓar ɗinkin da aka yi ta wannan hanya ya san sakamakon. Macen da ke da keke a ɗakinta ta fi kowane tela dama a nan, domin gidanta mata ke shiga, da yamma ko bayan isha'i, ta auna su da kanta, su faɗa mata abin da ba za su iya aika yaro ya faɗa wa namiji ba. Kullen da ya hana ta zuwa kasuwa, shi ya kawo mata kasuwa har tsakar gida.

Yinin irin wannan mace ba shi da lokacin tashi daga aiki. Bayan asuba akwai shara da ɗumame da shirya yara zuwa makarantar allo. Hantsi ne lokacin yanka, saboda haske, domin kuskuren almakashi ba ya gyaruwa. Ranar da girki ya faɗo kanta, keke sai ya jira; ranar da yake hannun kishiya, ranar ce ta aiki sosai, abin da ya sa wasu mata ke cewa zaman gida mai mata biyu ya fi wa mai sana'a sauƙi, ko da bai fi wa zuciya ba. Hula kuma tana nan a gefe cikin ƙwarya ko leda, ana ɗaukarta duk inda aka sami sarari: ana jiran tuwo ya nuna, ana shayar da jariri, ana hira a gidan suna. Da dare fitilar ƙwai, guga da dutsen gawayi. Ƙyallayen da suka rage ba a zubarwa. Su ne rigar jariri, su ne rigar matashi, su ne facin wandon makaranta.

Ƙafafunta kuwa 'ya'yanta ne. Su ke sayo zare da allura da man keke, su ke kai ɗinki, su ke karɓo bashi, su ke ɗaukar hulunan da aka gama zuwa wurin dillali. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, saboda yadda kuɗi mai yawa ke juyawa tsakanin gidaje ba tare da ya taɓa bayyana a kasuwa ba. Enid Schildkrout, a binciken da ta yi a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa cinikin matan kulle a kan yara ya rataya. Nan ne ƙullin yake. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, uwa mai sana'a ta tsinci kanta tsakanin zaɓi biyu masu zafi: ta tura yarinya makaranta ta rasa ɗan aike, ko ta riƙe ta a gida ta tauye mata gaba. Mai ɗinki ta ɗan fi mai tuwo-tuwo ko ƙosai sauƙi, domin riga ba ta hucewa, ana iya kai ta bayan an taso daga makaranta. Wannan ɗan bambanci, wanda ba wani jami'in ilimi da ya tsara shi, ya taimaki gidaje da dama suka haɗa boko da sana'a.

Kuɗin da ta samu nata ne. Shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, al'ada kuma ba ta ba shi ikon sa hannu a asusun matarsa ba. Akan ma sami miji ya ranci kuɗi a wurinta ya biya. Amma a aikace, kuɗin mace da wuya ya tsaya a jikinta. Yana shiga adashi, ranar kwasa a sayi tunkiya ko ɗan rago a ɗaure a bayan ɗaki, a yi ta ba shi dusa da harawa har Babbar Sallah ta gabato a kai shi kasuwar Laraba. Daga nan kuɗin ya koma langa da tasa da kwalla, ana jerawa ƙarƙashin gado shekara da shekaru saboda auren 'ya mace, domin kayan ɗaki nauyin uwa ne, kuma mutuncinta a idon dangin ango a jeren yake. Tsakanin wannan da wancan akwai kuɗin magani, da littafi, da gudummawar biki wadda dole a rama. Idan mijin direba ne ya yi mako biyu a hanyar kudu, ko aka yi fari irin na 1973 da na 1984, ko mutuwa ta yi sallama, to abin da ake kira ɗan abin hannu shi ke zama cefanen gida gaba ɗaya. Ba a ƙasar nan kaɗai ba ne. Masaniyar tarihi Wendy Gamber ta nuna a littafinta na 1997 cewa a Amurka, daga 1860 zuwa 1930, ɗinkin huluna da riguna na cikin 'yan sana'o'in da mace ke iya mallaka ta zama shugabar kanta, har sai da manyan kantuna da kayan inji suka ture su.

Sana'ar tana da haƙoranta. Watan azumi ne kakarta, kuma shi ne azabarta: atamfofi sun taru, kowa na son nasa kafin hawan idi, ga ƙishirwa, ga girkin buɗa-baki, goman ƙarshe kuwa barci sai dai a sace. Idan ta ɓata wa wata leshin lefe, biya za ta yi, kuma labarin zai riga ta isa gidan biki. Masu ɗinkin nata maƙwabta ne da dangi, waɗanda ba a iya hana su kaya don ba su biya ba, saboda haka rabin ribarta kullum a bakin mutane take. A ƙarshe kuma jiki ke karɓar nasa haƙƙin: baya ya ƙage, wuya ya riƙe, ido ya fara hazo, har ta kai sai an kira jika ya zura mata zare a allura. Ba fansho, ba garatuti. Abin da take da shi shi ne 'yan matan da ta koya wa, nata da na riƙo da na maƙwabta, da keken da za a sa cikin kayan ɗakin ɗaya daga cikinsu.

Kowane juyi da ƙasar nan ta yi ya ratsa ta ɗakinta. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975 ya cika mata tabarma da sababbin yadi. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, zare da allura da kayan gyaran keke suka yi tsada. Ƙirƙiro Jihar Yobe a ranar 27 ga Agusta, 1991, ya ƙaro ma'aikata da ɗinkin kayan makaranta. Masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, atamfar ƙasar Sin ta mamaye Kantin Kwari, gwanjo kuma ya ɗauke mata ɗinkin yara da yawa.

Mafi muni shi ne shekarun tashin hankali. An kai hari kasuwar shanu a watan Mayun 2012, an kashe ɗalibai a makarantar Mamudo a Yulin 2013, bam ya tashi a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Potiskum ranar 10 ga Nuwamba, 2014, ya hallaka ɗalibai fiye da 40. Dokar ta-ɓacin da aka sa wa Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013 ta zo da hana fita da katse layukan waya na wani lokaci, an kuma hana hawa babur na tsawon shekaru. Sana'o'in maza na waje ne, su suka fara tsayawa. Hula kuwa ba ruwanta da dokar hana fita. A gidajen da aka rasa maigida, ko ya gudu, ko kasuwarsa ta mutu, allura ce ta ci gaba da motsi. Haka aka gani a Maiduguri bayan Bama ta faɗa hannun 'yan bindiga a Satumban 2014: matan garin suka isa sansanonin gudun hijira ba su da komai sai abin da ke cikin yatsunsu, suka ci gaba da ɗinka hular da ke ɗauke da sunan garin da aka kore su daga ciki.

Hular da ake shimfiɗawa a harabar Babban Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, ko a shagunan kasuwar Wuse, ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso: mai zane, mai ɗinki, mai haɗawa, mai wanki, dillalin gari, ɗan kasuwar da ya yi mata dakon mota. A cikinsu mai ɗinkin ce ta fi daɗewa da ita a hannu, kuma ita ce ba ta san nawa aka sayar ba. Sau da yawa ma yadin da zaren na dillali ne, ita ladan aiki kawai take karɓa, ladan da idan aka raba shi da kwanakin da ta yi ba zai kusanci mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Tun da aka cire tallafin man fetur aka saki naira a 2023, zaren da ake shigowa da shi ya tashi, kuɗin mota ya tashi, ga hular inji mai kama da ta hannu daga nesa, mai rabin kuɗi ko ƙasa da haka.

Martanin hukuma da 'yan siyasa kusan kullum iri ɗaya ne, kuma duk hadimin da ya taɓa tsara taron tallafi a mazaɓa ya san shi: a jera kekunan ɗinki a fili, a ɗauki hoto, a raba. Ba laifi ba ne, amma keke shi ne mafi arha a cikin bukatunta, kuma wanda aka ba macen da ba ta iya yanka ba, kasuwa yake komawa. Abin da ke ɗaure mai sana'ar gaske jarin sayen yadi da zare ne don ta daina yi wa dillali ƙwadago, da wutar lantarki, da tabarau idan ido ya raunana, da mai saye wanda zai biya a kan lokaci. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 yana muƙaddashin shugaba, ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya fifita kayan gida wajen sayayya, ya kuma ambaci kayan sarki da takalma da suna. Sai dai kwangila tana son rajistar kamfani da shaidar biyan haraji da asusun banki na kasuwanci, takardun da matar da ke ɗinki a ɗakinta a Dogo Nini ba ta da ko ɗaya. Hanyar da za ta kai ta can ita ce ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, irin wadda matan birnin Zariya masu aikin surfani suka kafa da sunan Sarauniya Amina a shekarun 1990, wadda ta ba su damar karɓar oda kai tsaye su yanka farashi da kansu.

Jikokinta sun riga sun fara wani abu makamancin haka ba tare da jiran kowa ba. Wasu sun fito sun kama shago a bakin titi, da keken lantarki da ɗan janareta, suna ɗinka hijabi da doguwar riga da kayan amare. Wasu suna nan a cikin gida kamar kakanninsu, sai dai yaron aike ya koma waya: a ɗauki hoton hula a tura ta WhatsApp, mai saye a Abuja ko Kaduna ya zaɓi launi ya turo kuɗi ta banki, a naɗe ta a leda a kai tasha a ba direban da zai tashi da asuba.